Mai Ƙanƙara da Tatsuniyoyin Sanyi

Kowa a layin, Mai Ƙanƙara yake ce masa, domin tun yana saurayi a masana'antar ƙanƙara yake aiki. Ya cika gwangwanaye da ruwa, ya jera su a injin daskarewa, in sun yi ya zaro su ya turo ƙanƙarar kan katako har bakin mota. Aikin ya dace da shi, don yana da in'ina, ƙarar inji kuwa ba ta barin kowa ya nemi hira. Matarsa takan ce, "Ranar rabon magana barci ya yi, ni na karɓo mana duka." Shi dai sai murmushi.

Wata shekara sanyi ya kankama, aka kwantar da matar a asibiti za ta haihu. Ta bar masa yara biyu, babban da ƙanwarsa da ake wa laƙabi da Ƙiriniya. Ya yi musu wanka da ruwan ɗumi, ya shafe su da mai, ya sa musu hula, ya lulluɓe su. Ƙiriniya ta yaye bargo ta tashi zaune.

"Baba, Mama tatsuniya take mana."

"B-ban iya ba."

"To ni ma ban iya barci ba."

Ya zauna a bakin gado. Abin da ya fi sani a duniya sanyi ne, sai ya kama shi. Ya ce akwai wata ƙasa da ƙanƙara ke zubowa daga sama, fara fat kamar auduga, ta rufe rufin gidaje da bishiyoyi. A can wata bushiya ta yar da safarta ɗaya, ta bi gida gida tana cigiya, har ta iske 'ya'yan ɓera uku suna barci a ciki. Ta ji tausayi ta bar musu, ta kwanta kusa da su suka ɗumama juna. Sai da yaran suka yi shiru ya lura cewa tun da ya fara, harshensa bai sarƙe ba ko sau ɗaya.

Da matar ta dawo ta ji shi daga bakin ƙofa, jariri a kafaɗa, ta riƙe haɓa. "Au, ashe ɓoye taka ka yi, ka bar ni ina ta kashe bakina?"

Daga nan abin ya zama nasa. Ya san ya iya, kuma ba ya wani noƙe-noƙe a kai. Yana da ƙa'ida: babu dodo, babu kura. "Yaron da ka tsorata, kai za ka yi gadinsa," in ji shi. Komai tsananin sanyin da ke cikin labarin, a ƙarshe sai kowa ya sami wuri mai ɗumi, muryarsa kuma tana ta yin ƙasa har ta koma raɗa. Yaran maƙwabta suka fara zuwa bayan cin abinci, kowa da bargonsa, iyaye mata su zo su kwashe su a kafaɗa. Ranar da wani ya ce ƙarya ne, ƙanƙara ba ta laushi, washegari ya kankaro ta da cokali ya kawo a kula, ya barbaɗa wa kowa a tafin hannu. In zafi ya shigo kuwa, ko an yi kuka ba ya yi. "Komai da lokacinsa," yake cewa.

Shekaru suka tura, ciwon gaɓoɓi ya sa ya ajiye aiki. Ƙiriniya ta yi aure, aiki ya kai mijinta ƙasar da dusar ƙanƙara ke zuba da gaske. Wata rana ta bugo waya, ɗanta ya ƙi barci. Tsohon ya gyara murya ya fara, har ya kai inda ya ce dusar in tana sauka tana ƙara kamar 'yar ƙararrawa.

"Kaka, ba ta ƙara," yaron ya katse shi. "Ga ta nan ina kallo ta taga."

"Da ido biyu za ka ji ta, aboki? Sai an rufe ido, an ja bargo har kunne. Gwada ka gani."

Yaron ya gwada. Jim kaɗan uwar ta raɗa a waya, "Baba, barci ya tafi da shi."

Da sanyi ya zagayo suka aiko masa da tikiti, ya je. Da safe ya fito ƙofar gida cikin rigar surukinsa mai kauri, ya tara hannu dusar ta sauka a tafinsa. Ya murza ta da yatsa, ya jinjina kai.

"K-kyau kam akwai," ya ce wa 'yarsa. "Amma ba ta daskare ba. A wurinmu da an mayar da ita inji."