Guntun Kirya a Kasuwar Safana

Shekara ashirin da 'yan kai bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da shagon maigidana a Batsari. Kafinta ne. Ban taɓa riƙe zarto ba, amma ina zaune ina tankaɗe nakan gane injin da ke cin katako da daɗi da wanda ke wahala.

Da kafaɗarsa ta fara ciwo, huda da hannu ta gagare shi. Wuta ba ta zama a garinmu, man janareta kuma ya fi ƙarfinmu. Ga shi an ba shi aikin ƙofofin wani masallaci a Wagini, na maɗaci. Ya ce in bai sami injin huda mai batir ba, zai mayar da aikin ya rufe shagon. Sai na fitar da waken da na noma aka sayar.

Ranar kasuwar Safana na ce da ni za a je. Ƙanensa, shi ma kafinta, ya tambaye ni ko ludayi za a saya. Na ce masa wakena ne za a kashe. Na jefa guntun kirya a jaka, ragowar taɓaryata da ta karye.

Kafintoci suna da wata ɗabi'a: a kan katakon mai shago suke gwada inji. Fari ne, mai laushi, ya sha huda kamar rariya. Kowane inji jarumi ne a kansa. Da muka isa shagon mai sayar da injuna, maigidana da ƙanensa suka so wani ja, mai 'yar fitila da batir biyu. Ni dai ƙararsa ba ta kwanta mini ba, duk a sama take, babu ciki. Na duba rubutun a hankali, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci, na ga lambar da ke kwali daban, ta jikin batir daban. Na miƙa kiryata.

Mai shagon ya ce, "Hajiya, ba a gwada kayana da icen girki."

Na ce, "To, Alhaji, Allah ya kawo kasuwa. Malam, mu je gaba."

Maigidana ya sunkuyar da kai, don mutane sun fara tsayawa. Ganin idon jama'a, mai shagon ya karɓa.

Jan ya shiga kamar gaɓar yatsa, ya yi nishi, ya tsaya, warin roba ya tashi. Na biyu ya huda, amma ya yi zafi har ƙanen ya sauya hannu. Na ukun ɗan gwanjo ne, fentinsa ya goge, batir ɗaya, ga nauyi. Bai yi sauri ba. Ya dinga ci a natse har bakinsa ya ɓullo ta baya.

Ƙanen ya ce wannan zai ƙarasa kafaɗar yayansa. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Na ce dai inji mai nauyi ana ajiye shi a huta, wanda ya mutu a tsakiyar ƙofa kuwa babu hutun da zai tashe shi.

Shi muka ɗauka. Cajinsa na cin rabin yini a wurin masu sola, don haka ƙofofin sun ɗauki lokaci, amma an kafa su, shagon kuma yana buɗe. Har yau in kafaɗar ta motsa maigidana yakan ce injina ne ya ja masa. Nakan dafa masa ruwan gashi, in ce na ji, kuma da za a koma Safana gobe, shi zan sake nunawa.