Filin Kaba da Aka Ce Ba Na Kowa Ba Ne

Shekarun baya gwamnati ta ƙwace mana filin kaba a tsakiyar yunwa, kuma har yau babu wanda ya zo ya ce mana ko sannu. Na faɗe shi yadda yake. Wanda ya ga na cika zafi, ya daure ya karanta tukuna.

Ga waɗanda ba su san ƙasarmu ba, ƙauyenmu yana tsakanin Isa da Sabon Birni, kuma ƙasa iri uku gare mu. Akwai tudu, rairayi ne, nan ake shuka hatsi, wato gero, da wake. Akwai fadamar gulbi mai baƙar laka, ta dawa da albasa. Waɗannan biyun na maza ne, kowa ya san iyakarsa tun daga kakansa. Ta ukun wata doguwar jigawa ce a tsakaninsu, ba ta karɓar shuka. Abin da ke fitowa a kanta kaba ce kawai, ƙananan goruba da ba su tashi sama ba. Wannan ita ce gonar mata.

Ba mu muka shuka ta ba, amma muna da ƙa'ida a kanta. Matan kowace unguwa sun san ɓangarensu. Gindin da kika yanka sai ki bar shi ya sake tofo kafin ki koma masa, wadda kuwa ta aske gindi ƙwal za ta sha gori har bakin rijiya. Mu yanko, mu shanya, mu tsaga, mu rina, mu saƙa tabarma da mafici, mu tuƙa igiya. Ranar kasuwar Isa ko ta Sabon Birni fatake daga Faransa, haka muke ce wa Nijar a lokacin, su zo su loda wa raƙuma. A shekarar ƙoshi abin da muke samu na gishiri ne da kayan ɗakin 'ya'ya mata. A shekarar fari kuwa shi ne tuwon kansa, don kaba ba ta jiran ruwan sama, saiwarta ta yi nisa.

Damina biyu a jere ta yaudare mu. Hatsi ya tashi iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Gyaɗa kuwa, wadda a da manyan motoci ke zuwa ɗauka, ko irinta ba a mayar ba. Mai gidana ya bi gona ya tsince 'yan zangarniyoyin da suka yi ido, ya zuba a ƙaramin rumbu, ya shafe bakin da laka. Iri ke nan na damina mai zuwa. Sannan ya ɗaure ƙunshinsa zai tafi kudu cin rani.

"Ko mi ya yi zahi, kak ki taɓa rumbun ga," ya ce mini a bakin zaure. "In anka ci shi, mun tashi garin ga ke nan. Ban da abin sayen wani."

"Malam, yaushe na taɓa shiga rumbu balle yanzu?"

Gaskiya na faɗa, don a wurinmu mace ba ta shiga rumbun gida, sai dai a ɗebo a miƙo mata. Ya tafi ya bar ni da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, da yara ƙanana, da wuƙata ta yankan kaba.

Ana nan sai ga motar gwamnati da mutane riƙe da igiyar awo. Wai za a gina masana'antar matse man gyaɗa don yankinmu ya ci gaba, suna neman fili mai faɗi kusa da hanya wanda ba gonar kowa ba ne. Maigari ya tara dattawa, aka yi shawara tsakani da Allah don kada a taɓa gonar talaka. Suka duba tudu, duk da masu shi. Suka duba fadama, haka nan. Sai suka nuna jigawa. A al'adarsu ƙasa ta wanda ya sare ta ya sa mata hauya ce, inda hauya ba ta taɓa ba kuwa daji ne. Duk dattijon da ya yi wannan shawara a kan tabarmar kaba yake zaune, amma babu wanda ya tuna daga ina ta fito.

Ranar aza tubali aka ce mata su fito su yi wa baƙi maraba. Ni da aka sani da guɗa a unguwarmu, na kama hanci na rangaɗa ta har sai da manajan masana'antar ya waiwayo yana murmushi. A kan filin namu fa muke tsaye. Ni na ɗauka ɗan ɗaki za su gina a gefe, kamar na injin niƙa. In na tuna wannan guɗar dariya takan zo mini, sai haushi ya kore ta.

Ba a jima ba aka kewaye jigawar kaf da waya mai ƙaya, aka sa ƙofar ƙarfe da ɗan ɗakin maigadi. Maigadin da aka ɗauka kuwa taubashina ne, ɗan gwaggota, wanda tun muna yara ba mu haɗuwa ba mu yi tsiya ba. Muka zo da sassafe da wuƙaƙenmu muka iske shi cikin kaki, da usur rataye a wuya.

"Ina za ku, mata?"

"Makka za mu," na ce. "Kauce muna, kai da wandon da anka ɗinka ma mutum biyu."

"Wandon gwamnati na, ki yi mai ladabi." Ya yi dariya, amma bai motsa ba. "Wallahi yau ba wasa nika yi ba. An ce ko akuya ta shiga, a bakin aikina."

"Mu ba awaki na ba. Kaba munka zo yanka."

"Ba ku da kaba nan yanzu. Hilin kamfani na."

"Gwaggo da mi ta rene ka, in ba da kabag ga ba?"

Ya sunkuyar da kai, ya shiga murza igiyar usur. Shi ma da 'ya'yansa, kuma wannan gadin shi kaɗai ya hana shi bin maza zuwa kudu. Na so in tsane shi, ban iya ba. Muka juya.

Daga nan gidan maigari na zarce. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Ranka shi daɗe, wa anka tambaya kahin a ba da jigawa?"

"An tambayi kowa, ɗiyata."

"Wace mace?"

Ya ja carbinsa. Can ya ce, "Wurin ga ba a taɓa sa mai hauya ba. In gwamnati ta ce in kawo mai shi, wa za ni kawowa?"

"Sai ka kawo masu wuƙa."

Ya ce magana ta riga ta wuce hannunsa, in ina da ƙarfin ƙafa in tafi Isa. Ina da shi kuwa. Ranar kasuwa na bi 'yan tafiyar ƙasa, na zauna a ƙofar ofishin kamfanin har azahar. Manajan nan da na yi wa guɗa shi ya gan ni, kuma ba za ni yi masa ƙarya ba, bai wulaƙanta ni ba. Ya sa aka ba ni ruwa. Ya kai ni gaban wata taswira a bango, ya nuna mini gulbi kamar shuɗin zare, ya nuna tudu, ya nuna fadama. Sai ya aza yatsa a wani wuri fari fat.

"Kin gani, baiwar Allah? Nan muka ɗauka. Babu komai a nan."

"Yallaɓai, ni ban iya karatu ba, amma cikin babu komin nan nika ci da ɗiyana."

Ya ce in yi haƙuri in hangi gaba. In masana'anta ta tashi, mazanmu sun daina zuwa cin rani, gyaɗarmu kuma a ƙofar gida za a saye ta.

"Wace gyaɗa? Ka ga gyaɗa bisa hanya da ka zo?"

"Ai fari ba ya dawwama."

"Ɗiya ma ba su dawwama in ba su ci ba."

Ya ce zai kai maganar gaba. Ko ya kai, ko bai kai ba, Allah ya sani. Ni dai na dawo gida da ƙafafu a kumbure.

Daga nan muka koma neman kaba can arewa wajen iyaka. Mu fita da asuba mu dawo da la'asar da ɗan abin da bai kai rabin kaya ba, don matan ƙauyuka da yawa can suka taru, yunwa kuma ta kashe ƙa'ida, kowane gindi an aske shi. Tabarmar da nake gamawa kafin kasuwa ta zagayo sai ta koma tana tsallake kasuwa. Muka shiga cin dusa da busasshen tafasa da anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an yi kwanaki ana jiƙa su ana zubar da ruwan. Ƙaramin ɗana gashinsa ya yi ja, ya daina ko kukan kirki. Kuma kullum a hanyarmu sai mun wuce ta gefen waya, muna kallon kaba a ciki ta yi kore shar, ta yi tsawon da ba mu taɓa bari ta yi ba. Abin da aka yi a filin duka harsashin gini ne, sai wani ƙaton akwatin inji an lulluɓe shi da tamfol.

Wata la'asar taubashin nawa ya shigo gai da Inna, ya zaro ɗan ƙullin garin rogo daga aljihun kaki ya ajiye. Ya ƙi haɗa ido da ni. Sai da ya miƙe zai fita ya ce ɗan kwangilar ginin ya aiko, jibi za a sa wa kabar wuta don katafila ta ji daɗin tumɓuke saiwa.

"Wuta?" na ce. "Ba za su bari mu yanka ba, amma za su ƙone ta?"

"Haka anka ce."

"To ku ba mu yini ɗaya mu kwashe, sannan ku ƙone ƙasar."

"Na roƙa. Ya ce shi ba a ba shi umurnin shigar da kowa ba."

Yana fita Inna ta tashi da ƙyar ta jawo taɓarya ta ajiye a gabana. Ta nuna yaron da ke kwance a kan zane.

"Hwasa rumbun. Ni na haihi mai rumbun, ni na ce. In ya dawo shi yi hushi da ni."

Na ɗauki taɓaryar na je na tsaya gaban rumbu. Har na ɗaga na buga sau ɗaya, ɗan ɓallin laka ya faɗo. Sai hannuna ya tsaya. Abin da ke ciki ba zai kai mu ko rabin rani ba. In mun cinye, ruwa ya sauka mu tsaya muna kallon tudu hannu banza, daga nan sai hanyar kudu, mu da tsohuwa da yara. In kuma ban fasa ba, ga yaro nan a kwance. Ga abinci kuma can tsaye bayan waya yana jiran ashana.

"Inna, ki ba ni zuwa sahe."

"Sahe mi za ta kawo?"

"Ban sani ba tukuna."

Kafin magariba na zagaya gidajen unguwa na faɗa wa mata abin da za a yi jibi, na ce mu je da safe mu yanko kabarmu kafin a ƙone ta. Wasu suka ce in rufa wa kaina asiri, gwamnati ce fa. Wasu suka ce mazansu ba su nan, wa zai karɓo su in aka kama su? 

Yanzu duk wannan ya wuce. Masana'antar ko cokali ɗaya na mai ba ta taɓa matsewa ba. Injin ya yi tsatsa a cikin akwatinsa har wata mota ta zo ta ɗauke shi, wayar kuma masu lambu suka warware ta kaɗan kaɗan. Irin nan na cikin rumbu an shuka shi. Ni kuma da girmana, da furfura ta soma fito mini, na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa yau nake rubuta muku da hannuna. Amma abin bai huce mini ba. Da mugu ne ya yi mana, da na san wanda za ni bari da Allah. To maigari talakawa ya so ya kare, manaja ruwa ya ba ni. Mutanen kirki ne suka kalli wurin da ke ci da rabin gari suka ce babu komai a nan, kuma sun yarda da abin da suka faɗa. Har gobe in na ji ana lissafa arzikin yankinmu a rediyo, gero, dawa, albasa, dabbobi, sai in kasa kunne ko za a ambaci abin da mata ke yi da hannunsu. Ban ji ba tukuna.

Washegarin ranar da na ɗaga taɓarya dai, da gari ya waye, na yi salla, na mayar wa Inna taɓaryarta. Na wasa wuƙa a kan dutsen niƙa, na goya yaron, na ɗauki igiyar ɗaure kaya. Ban bi ta bayan waya kamar ɓarauniya ba, ƙofar na nufa. Da na waiwaya sai na ga mata kaɗan a bayana, can nesa kuma wasu suna fitowa suna gyara ɗaurin zane. Taubashina yana tsaye ya riƙe usur ɗinsa.

"Buɗe," na ce, "ko ka busa abin ga a zo a kama ni. Amma da goyona za a kama ni, gwamnati ta ci da shi."

Ya leƙa bayana ya daɗe yana kallon yaron. Sai ya yamutsa fuska ya dafe ciki.

"Kai, anzag ga ba ta karɓe ni ba. Za ni bayan gari." Ya sunkuya ya ɗauki butarsa. "Kuma ni in na tahi, ina daɗewa."

Kwaɗon ƙofar ashe rataye kawai yake. Na sa kafaɗa na tura, na shiga, na durƙusa a gindin farko da na tarar na soma yanka.