Idon Inna na Hagu

A layin da yake da shago ba wanda ya san shi da wani suna sai Kar-ka-motsa. Abin da yake faɗa wa duk wanda ya zauna a gaban kyamararsa ke nan, ko da mutum ya riga ya sandare kamar an dasa shi. Shagon ɗaki ɗaya ne, da shuɗin labule a bango, da kujera mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da guntun katako, da madubi, da mataji wanda ya ɗaure da zare don kada ya yi ƙafa. Tun yana saurayi yake ɗaukar hoto, kuma tun yana saurayi bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi da fara'a da yawa, sai ya fara tunanin me kake nema. In likita ya rubuta masa magani, sai ya kai wa wani likitan ya duba. Marigayiya matarsa takan ce ko inuwarsa ce ta biyo shi, sai ya waiga ya tambaye ta wa ya aiko ta.

Abu ɗaya ya yarda da shi a duniya, shi ne hoto. A wurinsa hoto shaida ne: yadda Allah ya yi ka, haka za ka fito, in hancinka ya karkace ba shi ya karkata maka ba. Shi ya sa ya tsani shagon tsallaken titi, inda wani mai hoto yake gyara fuskoki da kwamfuta. Tsohuwa ta shiga da tamojinta, ta fito da hoton 'yar budurwa tana murna. Mutane suka koma can, shi kuwa ya zauna a bakin ƙofa yana yi musu kallon hadarin kaji. Shagon ƙarya yake kiran wurin, ba ya ko rage murya.

Ana nan sai yayarsa ta zo, 'yarta na riƙe da hannunta. Yayar ce ta goya shi, don mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe. Idanun Yaya sun daɗe suna dusashewa, kuma likitoci sun gaya mata gaskiya cewa ba dawowa za su yi ba, gaba za su yi ta yi. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani ɗan hoto da ya yi ja don tsufa. A akwatin gwaggonsu aka tsince shi bayan rasuwarta, ba wanda ya san da shi.

"Inna ce," in ji Yaya.

Ya karɓa. Bai taɓa sanin fuskar uwarsa ba sai yau, yau ɗin ma rabi. Ruwa ya taɓa shiga akwatin, ya cinye gefen hagu na fuskar tun daga gira har kunci.

"An ce yanzu ana gyara irin wannan," Yaya ta ce. "Ina so in gan ta cikakkiya kafin fitilar ta mutu. In ba za ka iya ba, a kai tsallake."

"A kai ina? Ya mayar min da uwa 'yar talla? Ni zan yi."

Ya faɗa ne kawai, bai san ta inda ake farawa ba. Dole ta sa ya aika a kira mijin 'yarsa, malamin makaranta ne mai sanyin hali, wanda ya san kan kwamfuta. Shi ma surukin bai tsira ba. Tun ranar da ya ce shagon yana wuri mai kyau, Kar-ka-motsa ya sa masa ido.

Surukin ya zo da tsohuwar kwamfutarsa da na'urar kwafar hoto, ya durƙusa ya gaida shi, ya jona wayoyi. Ya ce da farko sai an sauko da manhajar gyaran hoto daga intanet an ɗora ta a kan kwamfutar.

"Daga wurin wa?"

"Daga masu ita, Baba. Kyauta ce."

"Kyauta. Sun san ni ne?"

Surukin ya yi murmushi ya ci gaba. Wani dogon rubutu ya fito da ɗan akwati a ƙasa, ya kai hannu zai danna.

"Tsaya. Me ya ce?"

"Cewa ya yi mun yarda."

"Mun yarda da me? Ni ban yarda da komai ba. Karanta min."

Haka bawan Allah ya zauna yana karantawa yana fassarawa har muryarsa ta dishe, shayin da aka kawo masa ya huce. Da aka gama Kar-ka-motsa ya ce bai gamsu ba, amma a danna. Wani koren layi ya fara tafiya a hankali, shi kuwa ya kafa masa ido kamar mai gadin da ya ji motsi a bayan katanga. Layin na cika ya sa aka cire intanet, ya yanko salatif ya manne ɗan idon kyamarar da ke saman kwamfutar. Ya ce shi ya saba ya kalli mutane, ba a kalle shi ba.

Sai aka zo kan hoton. Ya hana a sa shi a na'urar kwafa sai da aka fara gwadawa da hoton surukin, ya ga ya fito da ransa. Ko da aka sa na Inna, yatsansa na kan murfin har hasken ya wuce. Ya ɗauke abinsa ya duba gaba da baya, ya mayar aljihun ƙirji.

Surukin ya nuna masa yadda manhajar take. Kayan aiki suna jere a gefen hagu: buroshi, magogi, madubin ƙara girma, da wani mai kama da hatimi wanda yake ɗauko fata daga wuri mai kyau ya liƙa a inda ya lalace. A dama akwai abin da ya ce kamar gilasai ne a jere, wani kan wani. Hoton asali yana can ƙasa a kulle, duk abin da za a yi a gilashin sama za a yi.

"Wato na ƙasan shi ne dodon hoton," in ji Kar-ka-motsa, yana tuna zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu. "Ba a taɓa shi."

"Haka ne, Baba. In kuma kun yi kuskure, ga maɓallin komawa baya. Ga na dawowa gaba."

Wannan maɓallin ne ya fi tayar masa da hankali. Abin da zai iya shafe aikinka kamar ba a yi ba, me zai hana shi shafe wani abu ba da saninka ba? Ya sallami surukin da godiya a taƙaice, ya ce sauran shi zai yi da hannunsa.

Ya sha wuya, ba kaɗan ba. Linzamin kwamfutar ya ƙi jin maganarsa, ya nufi gabas kibiyar ta yi yamma. Rannan ya taɓa wani wuri kayan aikin duka suka ɓace, ya rantse surukin ne ya janye su daga gida, har ya buga waya da faɗa. Aka ce ya danna maɓalli kaza, suka dawo, ya kashe wayar ba tare da ya ba da haƙuri ba. Wata rana ya zana baƙin layi a goshin Inna, ya laluba aljihu ya tabbatar hoton na nan, sannan ya danna komawa baya yana harararsa. Kullum da safe kafin ya share shago sai ya buɗe gilashin ƙasa ya gwada shi da na aljihunsa, ko an canza wani abu da ba ya nan.

A hankali hannu ya faɗa. Ya goge tabon ruwa daga mayafi, ya gyara kunci da hatimi. Ido ne ya gagara, don babu abin da ya rage a wurin. Sai dabara ta zo masa, shi kaɗai, ba wanda ya koya masa: ya kwafi idon dama, ya juya shi, ya dasa a hagu. Fuska ta cika, kyakkyawa, daidai wa daida. Ya daɗe yana kallonta, ya ji daɗi har cikin ransa. Ya aika a zo da Yaya.

Aka zaunar da ita a kujerar ɗaukar hoto, aka jawo ta gaban kwamfutar. Ya ƙara girman fuskar har ta cika allon. Yaya ta matso, hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta daɗe tana juya kai tana neman gefen da idonta yake gani da shi.

"Wannan wacece?"

"Inna mana."

"Bakin nata ne. Goshin ma nata ne. Amma wannan matar ba ta san ni ba." Ta ɗora yatsa a allon. "Idon Inna na hagu a kwance yake, fatar ta ɗan rufe shi, kamar mai jin barci. Da shi take kallonmu in mun yi laifi. Wa ya buɗe mata shi haka?"

Ya so ya ce kwamfuta ce. Ya so ya ce surukinsa ne. Babu kowa a shagon nan da ya taɓa idon sai shi, kunya ta rufe shi.

"Kin tabbata, Yaya? An daɗe fa. Ke ma yarinya ce a lokacin."

"Gyara, ina gaya maka."

Ya ɗauki kayan da ake tura fata da shi. Ta ce ya sauko da fatar idon, ya sauko. Ta ce ya yi yawa, ya mayar kaɗan. Ta ce gefen waje ya fi kwanciya, girar kuma ta ɗan ɗaga. Yana yi yana satar kallonta. Matar da ba ta gane 'yarta sai ta yi magana, ita ce za ta tuna fatar ido? Wa ya sani ko idon gwaggo take tunawa, ko na wata maƙwabciya, ko kuwa ba ta ganin komai, faɗa kawai take yi?

"Tsaya nan," in ji Yaya. Muryarta ta canza. "Kar ka ƙara. Ita ce."

Ya dubi allon. Wata mata ce mai ido ɗaya a lumshe, tana kallonsa kamar ta san abin da ya aikata. Ba shi da dodon hoto da zai gwada, ba shi da wani likitan da zai kai wa. Halin nasa ya motsa. A hankali, ba tare da ya juya kai ba, ya sa yatsa ya danna komawa baya, ya sake dannawa, har idon ya koma a buɗe tar. Ya jira ya ga ko za ta lura.

Yaya ba ta ɗaga murya ba, ba ta ko waigo ba.

"Dawo min da ita," ta ce. "Ɗan ganin da ya rage min ba shi da yawa, ƙanena. Kar ka ƙarar min da shi a gwaji."

Ya danna dawowa gaba, fatar idon ta sauko kaɗan-kaɗan har ta tsaya inda Yaya ta ce. Ya ajiye aikin, ya janye hannunsa daga linzamin ya sa a cinya. Wani ya leƙo yana son hoton fasfo, ya ce masa ya dawo gobe.

Ya jawo benci ya zauna kusa da ita. Ta lalubo hannunsa ta riƙe, fuskarta na manne da allon, hawaye na bin kuncinta.

"Haka take kallona ranar da na yar da kai a bakin murhu," ta ce.

"Kin yar da ni?"

"Ba ka ji ciwo ba."

Ya buɗe baki zai tambayi wa ya shaida, sai ya rufe. Ya ci gaba da kallon uwarsa.