Birkin da ya sa na saɓa wa Ardo alkawari

Mun tashi daga Katsina da asuba, ana idar da salla, mu uku cikin tsohuwar jif ɗin ofishinmu. Ga wanda bai san ni ba, ni malamin dabbobi ne, aikina yi wa shanu allura. Na biyu direbanmu, dattijo ne da ya fara tuƙi tun zamanin Turawa, kowa Baba yake ce masa. Na uku wani babban jami'i ne da aka turo daga Kaduna ya ga yadda muke aiki, ya sha kwat da takalmi mai ƙyalli, ya rataya kyamara. Shi za mu riƙa kira Yallaɓai.

A bayan motar akwai akwatin ƙanƙara cike da allurar rigakafin bushiya, cutar nan mai kashe shanu. Wata guda ke nan da na zauna da Ardon Fulanin da ke wajen Babban Duhu, na sha nonon gidansa, na yi masa alkawari cewa ranar Laraba kafin azahar zan iso. Shi kuma ya ɗauki nauyin tsayar mini da garkunan yankin, waɗanda ke shirin gangarawa kudu tunda damina ta ja baya. Makiyayi ba ya tsare shanu wuri guda haka kawai. Maganar Ardo suka ji, shi kuma tawa ya riƙe. Allurar nan kuwa, in ƙanƙara ta narke, ta zama ruwan banza.

Hanyar Batsari ba ta da laifi, in ka ɗauke ramuka. Gero an fara yanka, dawa ta yi kai, mata na cirar gyaɗa a gefen hanya. A tashar Batsari muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an sa masa wani abu. Da na yi ƙorafi, mai tuyar ta ce tunda an ƙara wa ma'aikata albashi ita ma ta ƙara wa kanta. Muna ci Baba ya ɓace, can sai ga shi da gwangwanin man birki, ya ce shi kaɗai ya rage a shagon. Ya haɗa da wani da ya daɗe yana ɓoyewa ƙarƙashin kujera. Ya raɗa mini cewa birkin nan ba ya yi masa daɗi, kuma sau uku yana kai ƙara garejin ofis, ana ce masa ya yi haƙuri, sababbin motoci na hanya.

Bayan mun wuce Wagini hanya ta koma yashi. Muna gangaren wani rafi, mata na tsallakawa da ƙwarya a ka, jakuna biyu na gabansu, Baba ya taka birki. Na ji ƙafarsa ta bugi ƙasan mota. Ya sake takawa, babu komai. Ya mayar da giya ƙasa, ya ja birkin hannu, ya karkata sitiyari, muka afka cikin tulin yashi a gefe. Matan suka watse suna salati. Yallaɓai kuwa abin da ya fara dubawa kyamararsa ce.

Baba ya ɗaga murfin inji, ya buɗe ɗan kofin da man birki ke zama. Man ya yi baƙi ƙirin, ga wani abu rawaya yana yawo a samansa. Ya dangwala da yatsa ya miƙo mini hanci. Jama'a, ƙamshin ƙuli-ƙuli na ji! Wani mara tsoron Allah a gareji, da aka ce ya canza mai, ya ga kofi ya yi ƙasa, ya cike shi da man gyaɗa. Raina ya ɓaci. Kullum rediyo na gaya mana ƙasa ta yi arzikin mai, amma motar da ke ɗauke da maganin shanun talakawa da man tuyar ƙosai take tsayawa.

Baba ya ce aikin ba shi da wuya, amma yana son mutum uku. Muka ɗauki wani tsohon sirinjin shanu muka zuƙe ƙazantar da ke kofin, aka zuba sabon mai. Saura a kori tsohon da ke cikin bututu, tare da iskar da ta shiga. A bayan kowace taya akwai ɗan noti mai hanci. Baba zai kwanta a ƙasa ya sa masa siririn tiyo zuwa cikin kwalba. Wani zai zauna a kujerar direba ya taka birki sau uku ya riƙe, ya ce "na riƙe". Sai Baba ya kwance noti da sifana, mai ya fita, ya ɗaure, sannan ya ce a saki. In aka saki kafin ya ɗaure, iska ta koma ciki, aiki ya koma farko. Na uku zai tsaya a gaba yana ƙara mai kada kofin ya ƙafe.

Na nufi kujerar direba, Yallaɓai ya ɗaga mini hannu. Ya ce shi ba zai tsaya a rana riƙe da gwangwani ba alhali ƙaramin ma'aikaci na zaune a inuwa, kuma shi ma yana da mota a Kaduna, ya san birki. Ya gyara kwat ya zauna.

Daga nan masifa ta fara. Baba mutumin dā ne, bakinsa bai taɓa ba na gaba da shi umarni ba. Daga ƙarƙashin mota sai ka ji: "Ranka shi daɗe, Allah shi ja zamaninka, in babu damuwa a ɗan taka." Kafin ya gama gaisuwar, Yallaɓai ya taka ya saki. In aka zo wurin riƙewa, ba zai ce "na riƙe" ba, wai shi ba ya amsa wa direba. Baba sai ya yi ta zato. Ya kwance noti, Yallaɓai ya ɗage ƙafa don ya kori ƙuda ko ya kunna sigari, kumfa ya sake cika tiyo. Muka gwada wata dabara, Baba ya faɗa mini, ni in isar wa Yallaɓai, kamar ana shari'a da tafinta. Abin ya ƙara lalacewa. Azahar ta yi, muka yi salla a bakin rafi, gwangwani ɗaya ya ƙare a taya ɗaya. Na leƙa akwati, ƙanƙara ta fara iyo cikin ruwanta. Sau biyu ina roƙon Yallaɓai ya bar ni in taka, sau biyu yana tambayata ko na san da wa nake magana.

Gwangwani na biyu ya kusa rabi lokacin da tiyo ya zame, man ya fesa wa Baba a fuska. Sai muka ji wata murya da ban taɓa sanin yana da ita ba.

"Taka! Riƙe, na ce! Kar ka kuskura ka saki!"

Yallaɓai ya firgita, ƙafarsa ta ƙame a kan birki.

"Ka riƙe?"

"Na riƙe," in ji shi, a hankali.

Haka aka bi tayoyin nan huɗu, daga ta baya mafi nisa zuwa ta gaba. Taka, riƙe, saki. Baƙin mai ya fita, kumfa ya ɗauke, mai garau ya biyo baya. Aikin da ya ci mana kusan rabin yini, ko rabin awa bai cika ba aka gama, da ɗan abin da ya rage a gindin gwangwani. Baba ya gwada, birki ya tsaya tsam a sama. Ya ce robobin ciki sai an canza su in mun koma, amma zai kai mu.

Mun isa Babban Duhu la'asar sakaliya. Filin da aka tara shanu ya cika da sawu da kashi, amma garkuna kaɗan muka tarar. Sauran sun jira har rana ta karkata, suka kora dabbobinsu suka shiga daji. Ardo na zaune a gindin tsamiya, ya miƙe ya tarbe mu, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiya da iyali, ya sa aka kawo fura. Da guntun ƙanƙarar da ta rage na yi wa waɗanda ke nan allura, Yallaɓai na ɗaukar hoto ta inda shanun za su fito da yawa. Da na gama, Ardo ya ja ni gefe.

"Malam, na ce masu kai ba ka saɓa magana. Baɗi in na kira su, mi zan ce masu?"

Har yau kunyar tambayar nan ba ta sake ni ba.

A Safana muka kwana, washegari muka ci waina da miyar taushe a bakin kasuwa, muka dawo gida lafiya. Yallaɓai bai yi wa Baba magana ko sau ɗaya ba a hanya. Jiya rahoton Yallaɓai ya iso. An rubuta cewa aiki ya yi nasara, jinkirin da aka samu kuma sakacin direba ne da rashin ladabi. An karɓe makullin jif daga hannun Baba, an mayar da shi wankin motoci. Wanda ya zuba man gyaɗa yana nan a garejinsa, ba wanda ya tambaye shi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, akwai aikin da dole wanda ke kwance a ƙasa shi zai ba da umarni, na kan kujera ya amsa. Ni ma ina da nawa laifin, domin da na dage tun kafin azahar, da mun cika alkawari. Shi ya sa na rubuta wannan. Da safen nan na wuce Baba da bokiti da tsumma, yana wanke tayoyin motar da ya hana ta afka wa mata a rafi. Ya ɗago ya gaishe ni, ya tambaye ni ko an ji labarin shanun da suka shiga daji.