Rabin Yatsan Babayo Mai Sarewa

Ni na fara jin abin nan a duk faɗin Bauchi, tun jihar tana sabuwa. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, amma na binne sa'o'ina kusan duka, kunnena kuwa garau.

Kullum da hantsi Babayo kan shimfiɗa buhu a bakin Kasuwar Muda Lawal, ya yanka gora, ya huda ta da ƙarfe mai zafi, ya busa ya ji. Makiyayan Gubi da masu waƙar coci, duk sarewarsa ce a hannunsu.

Da can ina gadin gidan wani malamin makaranta Ba'indiye, Babayo na dafa masa abinci. A wurinsa ya koyi busar ƙasarsu. Wai kowace waƙa, raga suke ce mata, gida ce da 'ya'yanta, sauti kaza da kaza, sauran an hana su shiga. Amma gwani sai ya ɗaga rabin yatsa ya shigo da wanda aka hana, ya ɗan taɓa shi ya saki.

Ranar da na fara ji na ce, "Babayo, ka yi kure."

"Baƙo ne, Yaya Jalo."

"Wa ya gayyato shi?"

"Ni."

"To me ya sa aka hana shi?"

"In ya daɗe, rushe gidan zai yi."

Har yau ban gane ba. An hana, kuma gwani ne ke yi? Na dai san in baƙon ya gifta sai in tuna mahaifiyata, ita kuwa ko Ba'indiye ba ta taɓa gani ba.

Yanzu 'yan kasuwa na cewa tsufa ne, hannunsa ke rawa. 'Yarsa Sauda ta ji kunya, ta ce ƙarshen watan nan zai naɗe buhu.

Babayo, kai ne aka yi wa dariya shekara arba'in, ba ka sauke yatsan nan ba. Na gode, Allah ya saka maka. Masu sana'a, ku riƙe abin da kuka sani haka.

Sauda, 'yata, ki dakata. Ki zo Laraba da hantsi, mai musu ma ya zo. Babanki zai busa, ni zan ɗaga sandata kafin baƙon ya iso, don na san ƙofar da yake bi. In rawar hannu ce, yaya aka yi na san lokacinta? In na ɗaga bai zo ba, ni da kaina zan naɗe buhun.