Kalmomi Biyu a Takardar Sakamakona

Ina aji biyu a sakandare a Mubi, zamanin Jihar Gongola, aka kawo mana wata Baturiya mai koyar da Turanci. Duk sanda ta yi mini magana sai in sunkuyar da kai in yi shiru, don kuwa haka aka hore mu a garinmu Sorau: ba a kallon babba a ido. Ga kuma littattafan soyayya da nake saye a kasuwa, waɗanda a cikinsu ido ba ya haɗuwa da ido sai zuciya ta kamu. Ina ni ina kallon malama?

Da zango ya ƙare ta rubuta a takardar sakamakona: "rude and insolent". Mahaifina Baffa kuwa ya riga ya rantse, ranar da makaranta ta kawo masa ƙarata, ranar zan koma bayan shanu.

Malamin ajinmu, wani dattijo mutumin Michika, shi ke sa hannu a takardun. Ya kira ni gindin dogon yaro.

"Kai ɗan Fulani, me ka yi wa baƙuwarmu?"

"Ban yi mata komai ba, Malam. Ko kallonta ba na yi."

"Ai laifin ke nan."

Ya rarrabe mini kalmomin kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. "Impolite", in ji shi, wanda ya wuce bai gaishe ka ba, wataƙila mantuwa ce. "Rude" shi ne ya taka maka tabarma da takalmi. "Insolent" kuwa yaro ne da ya san girmanka, ya raina ka da gangan. "A garinsu, wanda ya ƙi kallonka raina ka ya yi."

Ya ja ni har ofishin malamai. Ya ce wa Baturiyar shi ma da furfurarsa, ƙasa yake kallo gaban mahaifinsa. Sannan ya zungure ni.

"Ɗaga kai mana, ba aurenta aka ce ka yi ba."

Na ɗaga. Idanunta kamar ruwan mayo, wato kogi, da rani, sai kuma na ga fuskarta ta yi ja. Ita ta fara ba ni haƙuri. Ta yage takardar ta cike sabuwa.

A Sorau malamin gona ya karanta wa Baffa ita. Baffa ya ce in gyara akwatina na komawa makaranta kafin hutu ya ƙare. Dattijon malamin nan na Michika ya daɗe da rasuwa, Allah ya saka masa.