Gurbin Alhaji a Cikin Kiɗana

Mun tashi da asuba daga Kazaure, ana idar da salla, ni da wani tsohon ɗan amshinmu da ya ce zai raka ni ko don riƙon jaka. Kalangu yana kafaɗata, na naɗe shi da tsohon zane saboda raɓa. Masu tambayar ina na shiga kwana biyu, ga amsarku. Ba yawon buɗe ido ne ya fitar da mai shekara sittin da biyu daga ɗakinsa ba.

Shekara talatin da huɗu ina yi wa mutum ɗaya kiɗa, shi da waƙa, ni da kalangu. Bana ya dawo daga aikin Hajji, ya kira ni zaurensa ya ce ya ajiye waƙa. Ba faɗa muka yi ba. Ya ce maƙogwaro ya gaji, zuciya ma ta gaji, ya buɗe shagon hatsi a bakin kasuwa. Tun ranar ba wanda ya aiko kirana biki, don ni a garin nan ba ni da wani suna sai makaɗin Alhaji. Babban ɗana ya ce in rataye kalangu in huta, su za su ɗauki nauyina, har ƙusa ya kafa mini a bangon ɗaki. Na ce ya bar ni in zaga iyayen gidanmu na da a Roni da Gwiwa da Babura. In ba wanda ya karɓe ni ni kaɗai, zan dawo in rataye shi da hannuna.

Mashin muka hau zuwa Roni, tsofaffi biyu da kalangu a bayan ɗan acaɓa guda. Kuɗin da ya faɗa sai da na tambaye shi ko har da mashin ɗin zai sayar mana, ya ce in je gidan mai in yi wannan tambayar. Damina ta zo ƙarshe, gero ya sunkuyar da kai, duwatsu sun yi kore shar. Ido ya ji daɗi, baya kuwa ya ji jiki, don duk ramin da ke hanyar sai da muka gaisa da shi. A bakin tasha muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan yanzu sai ka jefa uku a baki kafin haƙori ya san an yi baƙo.

Wanda muka je wa a Roni babban manomi ne, mu muka yi kiɗan auren 'ya'yansa uku. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, kuma kafin ya tambayi iyalina ya tambayi Alhaji. Na ba shi labari, ya ce to in ɗan taɓa ya ji.

A nan sai na bayyana muku yadda muke aiki. In na buɗe kiɗa na kai wani wuri, nakan sassauta tsarkiya a hammata, in sauke hannu, in bar fili kamar na numfashi biyu. Ta wannan gurbin Alhaji yake shigowa. Ba mu taɓa zama muka tsara haka ba, hannu ne ya koya da kansa. To na buɗe kiɗa lafiya lau, na kai wurin, hannu ya sauka. Ba wanda ya shigo. Abin da na ji kawai kukan akuya a bayan katanga. Na waiga na ga ɗan amshina da baki a buɗe, yana jiran baitin da zai amsa. Sabo turken wawa. Dattijon ya yi mana addu'a mai tsawo, ya sa aka ɗauro mana gyaɗa, ya ce in gaida Alhaji. Maganar biki bai ɗauko ba, ni ma ban ɗauko ba. Kunya na ji irin wadda ban ji ba tun ina koyo.

Daga nan muka nufi Gwiwa, muka taras ana cin kasuwa. Kekuna a jingine jikin kowace bishiya, masu sabuwar gyaɗa da kuɓewa sun baje. Muka ci ɗanwake mai yaji a wata rumfa, mai ɗanwaken ta ce ta taɓa rawa a kiɗanmu tana amarya, yanzu ga jikokinta. Ita ma ta tambayi Alhaji.

Ubangidanmu na Gwiwa ya yi mana kirki ta wata hanyar. Ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya aika aka kira wani mawaƙi magidanci wanda ke zuwa Kano ana ɗora masa kiɗan na'ura. Muka zauna ƙarƙashin darbejiya muka gwada. Murya kam yana da ita. Sai dai ya shigo tun ban buɗe masa ƙofa ba, in na bar gurbi kuma lokacin yake jan numfashi. Sau uku muna karo kamar makafi biyu a ƙofa ɗaya. Daga ƙarshe ya rusuna ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, kiɗan naku yana tsayawa a hanya." Raina ya ɓaci, amma gaskiya ya faɗa. A gidan wani ɗan'uwan abokin tafiyata muka kwana, gwiwoyina suna ta zugi.

Da safe muka kama hanyar Babura, wadda dole ta sake ratso da mu ta Kazaure. Motar ta bi ta bakin kasuwa, na hango Alhaji zaune gaban buhuna da kwanon awo a hannu. Na sunkuyar da kai har muka wuce. Ɗan amshina ya ce ga gida nan kusa, mu sauka mu huta wa ranmu. Saura kaɗan in ce direba ya tsaya. Abin da ya hana ni, wuri uku na faɗa wa ɗana, biyu na je.

Bas ɗin Babura mutum huɗu a kujerar mutum uku, kalangu a kan cinyata, direba yana neman in biya wa kalangun kujera. Na ce in ya yarda ya zauna shi kaɗai, zan biya. Duwatsu suka ƙare, ƙasa ta baje, rairayi ya fara. Kasuwar ta cika da shanu da buhunan hatsi da mutanen Nijar, ana lissafi da naira ana juyawa da sefa. Furarsu ta fi tamu, kada mutanen Kazaure su ji haushi. Wanda na zo dominsa kuwa aka ce ya tsallaka iyaka sayen dabbobi, sai bayan sati. Na zauna a gindin wani shago na ce shi ke nan, ƙusa ta ci.

Yunwa ce ta kai mu rumfar mahauta neman balangu. Sarkin fawa, tsoho mai farin gemu, ya dubi ƙunshin kafaɗata. Mahauci ba ya ganin kalangu ya kawar da kai, ko a cikin zane yake, don kiɗansu ne tun kaka da kakanni. Ya tambayi ɗan wane ne ni. Da na faɗi sunan mahaifina sai ya ajiye naman da ke hannunsa, ya ce mahaifina ya sha yi wa mahaifinsa kiɗa a kasuwar nan. Ya ce ko ina da taken gidansu? Ina da shi. Mahaifina ya koya mini tun kafin in san Alhaji, amma shekara talatin da huɗu ban taɓa shi ba.

Na kwance zane na fara. Ina kai tsakiya hannu ya sauka, na tsaya ina jira.

"Wa kake jira?" in ji tsohon. "Mu mahauta ba mu san mawaƙi ba. Ubanka da kalangu yake kiran sunan ubana. Ka kira shi."

Na matse tsarkiya na sake daga farko. Da na iso gurbin sai na zuba sunan a ciki da kiɗa, kamar yadda mahaifina yake yi. Tsohon ya miƙe tsaye ya ɗaga wuƙarsa sama yana jinjina, idonsa ya kawo ruwa. Mahauta suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa na son taken gidansu. Wanda na sani na kaɗa, wanda ban sani ba tsofaffi suka rera mini da baki na ɗauka. Sarkin fawa ya ce tun da makaɗinsu ya rasu rumfar take shiru, in riƙa zuwa duk ranar kasuwa, kuma akwai auren jikansa bayan kaka. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba aikin manyan riguna ba ne irin na da, kuma hanyar da nisa ga mai gwiwa irin tawa. Na ce na karɓa.

Mun iso Kazaure kafin magariba. Wannan karon na sauka a shagon Alhaji, na isar masa da gaisuwar mutanen Roni da Gwiwa, na ba shi labarin Babura. Ya ce in taɓa masa taken sarkin fawan a hankali, a cikin shago. Na kaɗa da yatsu. Da na kusa gurbin nan na ga ya ja numfashi, bakinsa ya buɗe. Ban sauke hannu ba, na wuce. Ya rufe bakin a hankali, ya daɗe yana kallon kwanon awo.

"Ka cike shi," in ji shi. "Allah ya sa albarka."

Na ji tausayinsa, na ji tausayin kaina. Abin da tafiyar nan ta koya mini, rabuwa ba ranar da aka yi sallama take faruwa ba, sai ranar da hannu ya daina jira. Na shiga gida da ƙyar nake ɗaga ƙafa, ɗana yana tsakar gida yana kallon kafaɗata. Na shige ɗaki na rataye hulata a ƙusar, na ce masa ya tashe ni da wuri ranar kasuwar Babura.